Jirgin Baba da Tseren Mita Dubu Goma

Akwai maganar da kuka tashi kuna ji a gidajen dangi, wai ni na bar kakanku ya hau jirgin ruwa ba tare da ɗansa ba, idonsa ba ya gani sosai, don kawai in je in yi gudu da gajeren wando a gaban jama'a. Baffa Isa, ƙanen Baba, shi ya fara faɗarta, kuma har Allah ya karɓi ransa bai janye ta ba. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku amsa ba, domin ba na so ku ji ina musu da ƙanen ubana yana raye. Yanzu waɗanda suka ga shekarar nan da idonsu duk sun tafi sai ni, ga gwiwoyi sun ƙi, ina zaune a ɗakin nan na Aziziyya ba inda nake zuwa sai masallaci. To ga yadda abin ya faru.

Baba ba haifaffen ƙasar nan ba ne kamar ni da mahaifiyata Ummi. Daga wani ƙauye na ƙasar Haɗeja ya taso yana saurayi, shi da Baffa Isa, suka biyo ayarin maniyyata a ƙafa. Sun yi shekaru a hanya, sun yi cirar auduga a Sudan, sannan suka tsallako teku. Da Baba ya sauke farali sai ya ce bari ya ɗan huta kafin ya juya. Hutun nan ne ya zama aure, ya zama ni da ƙanwata Zainabu. Sana'arsa kai ruwa gidaje, garwa biyu a sanda bisa kafaɗa, yana hawa benayen tsohon gari yana sauka har kafaɗarsa ta yi kanta. Duk tsawon zamansa bai taɓa yarda ya nemi tabi'iyya ba, wato takardar zama ɗan ƙasa. In an yi masa maganar sai ya ce shi baƙo ne, hajji ya zo yi. Ummi kuwa a Makka aka haife ta, Hausarta rabi Larabci ce, ƙasar Hausa ba ta san ta ba sai a bakin Baba. Idan ya fara ba da labarin damina da kifin fadama sai ta ce masa yalla ya ci abinci kafin ya huce.

Ni a tashar jiragen ruwa ta nan Jidda nake dako, buhunan shinkafa da siminti da akwatunan alhazai. Gudu kuwa ban san ranar da na fara shi ba. Gidanmu yana Karantina, to bayan sallar asuba, kafin zafi ya sauko, sai in bi hanyar kudu mai zuwa Khumra. A lokacin babu sito babu gareji a wajen, sai ƙasa mai gishiri da raƙuma da bukkokin masunta. Ina gudu har gari ya ɓace a bayana, sannan in juyo in tafi aiki. Jikina ne kawai yake nema, kamar yadda wani yake neman shayi da safe. A hanyar nan Ustaz Bashir ya gan ni. Bahaushen Sudan ne, malamin motsa jiki a wata makaranta, kuma shi yake horar da masu gudu na wani kulob. Ya biyo ni a kan keke har ya gaji, ya tambaye ni da Larabci wa ya koro ni. Da ya ji amsata sai ya yi dariya ya juya Hausa. Shi ya fara kai ni fili, ya nuna mini cewa abin da nake yi yana da suna, yana da doka, kuma akwai mutane a duniya da ba su da aikin da ya wuce shi.

Na yi kamar shekara biyu a hannunsa. Na ci tsere a Jidda, aka kai mu Riyad aka gwada mu da mutanen sauran garuruwa, na sake zuwa gaba. Sai aka ce an zaɓe ni cikin waɗanda za su je gasar ƙasashen Larabawa, a tseren mita dubu goma. Abu ɗaya ya rage, ba a sa wa mutum rigar ƙasa sai yana da tabi'iyya. Da yake a nan aka haife ni, ƙofar a buɗe take, shugaban kulob kuma ya ce zai tsaya a kan maganar har ta fito.

Ana cikin haka aka gama hajjin shekarar. Wata Juma'a bayan la'asar muna zaune a tsakar gida, Baffa Isa ma yana nan, sai Baba ya ce yana da magana. Idonsa ya daɗe yana yin yana, har ya bar ɗaukar ruwa saboda ba ya ganin matakala. Ya ce akwai jirgin da zai kwashe masu komawa gida zuwa Sudan, daga can a bi mota har Barno. Ya ce shi zai shiga, domin yana so ya ga garinsu tun idon da saura, in ya jira baɗi sai dai ya taɓa shi da hannu. Ya riga ya yi magana da Ummi, ta ce ba za ta iya ba, Zainabu tana da tsohon ciki, ita kuma ba ta san kowa a can ba. Sun rabu a kan haka ba faɗa. Sai ya juyo wajen da yake jin numfashina.

"Usmanu, kai za ka riƙe mini hannu."

Kowa a wurin ya san abin da maganar take nufi. Takardar da ake ba masu irin tafiyar nan ta fita ce, ba a dawowa da ita. In na shiga jirgin, ba gasar kaɗai na bari ba, maganar tabi'iyya ta mutu, Jidda ma na bar ta ke nan. Zan zama baƙo a garin da ban taɓa gani ba, kamar yadda Baba ya zama a nan.

Kwanakin da suka biyo baya gidanmu ya cika da baki. Baffa Isa kullum yana tafe, yana cewa ɗa ba ya da zaɓi in uba ya yi kira, kuma wane irin aiki ne ƙato ya tuɓe yana zagaya fili kamar jakin niƙa. Na so in tambaye shi me ya hana shi raka wansa, tunda tare suka zo, amma na haɗiye. Yana da mata da 'ya'ya da rumfar tsire, ba zai bar su ba, kuma ban ga laifinsa ba. Zainabu kuka kawai take yi, ba a san wanda take yi wa ba. Ummi ce ta same ni ina wanke ƙafa a bakin randa, ta tsaya a kaina.

"Ya waladi, ni ba zan ce maka je ka ba, ba zan ce maka zauna ba. Amma ka sani, in ka tafi halas, ba kai ba mu. In ka zauna kuma, ba kai ba shi. Kada wani ya ruɗe ka cewa akwai ta uku."

Na je wurin Ustaz Bashir ina zaton zai ja ni ta ɓangarensa. Bai ja ni ba. Ya ce in don cin gasar zan zauna, gara in bi ubana, domin ba zan ci ba. Mutanen Magrib, wato Larabawan arewacin Afirka, sun daɗe a harkar, a duwatsu suke horo, suna da likitoci da abinci na musamman, mu kuwa jiya muka fara. Ya ce iyakar abin da zai iya yi mini alkawari shi ne zan tsaya a layi ɗaya da su.

Maganar nan tasa ita ta yanke mini shawara, ko da yake ba haka ya nufa ba. Ku da kuka tashi da takardunku a aljihu ba za ku gane ba sosai. Ni an haife ni a garin nan, na san kowane lungu nasa, kafaɗata ta ɗauki rabin abin da aka gina shi da shi, amma in mutum zai kira ni a tasha ba ya tambayar sunana, sai ya ce ya takruni, wato baƙar fatar yammacin Afirka, zo ɗauki wannan. Ban taɓa yin fushi ba, haka aka saba. Sai ga shi an ce in zo in tsaya a gaban ƙasashe da sunan ƙasar nan a ƙirjina, a kira sunana da na ubana a lasifika. Na san in na bar wannan ba za a sake kirana ba. Kuma na duba zuciyata da kyau, na ga ko babu gasar, ni ɗan nan ne. Baba yana da garin da zai koma. Ni ina cikin nawa.

Na same shi da hantsi shi kaɗai a zaure yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce masa Malam Ɗanladi maƙwabcinmu zai tafi da iyalinsa a jirgin, garinsu ba nisa da namu, na yi magana da shi ya yarda zai kula da shi har ƙofar gida. Ya ce ya ji, to ni fa?

"Baba, ni ba zan tafi ba."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Can sai ya tambaye ni ko gudun ne. Na ce gudun ne, kuma ba gudun kaɗai ba ne. Ya ce in tashi in tafi aiki kada in makara. Daga ranar har ranar tafiya muna cin abinci a kwano ɗaya kamar kullum, amma ba ya yi mini magana sai ta dole. Bai zage ni ba, bai yi mini baki ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ni kuma ban fasa fita da asuba ba, ko rana ɗaya, domin na san in na fasa sau ɗaya zan shiga jirgin nan.

Ranar tafiya ni na ɗauki akwatinsa. Abokan aikina suka buɗe mana hanya, na riƙe hannunsa muka hau tsanin jirgi a hankali, na sama masa wuri a inuwa kusa da iyalin Malam Ɗanladi, na shimfiɗa masa tabarma. Jirgin cike yake da tsofaffi irinsa, wasu da tulun zamzam, wasu da 'ya'yan da ba su jin Hausa. Da aka busa ƙaho na durƙusa zan yi masa sallama, sai ya laluba ya kama wuyan hannuna.

"Ran da na bar garinmu uwata tana da rai. Ta biyo ni har bakin rafi tana cewa in dawo, ban waiwaya ba. Ban ce na yarda da abin da ka yi ba, Usmanu. Amma na san shi."

Ya sake ni. Na sauko, na tsaya a bakin ruwa har jirgin ya fita daga tsakanin duwatsun teku. Daga nan shugaban 'yan dako ya kira ni, akwai siminti da za a sauke. Ban sake ganin Baba ba.

Tabi'iyya ta fito, muka tafi gasar. Shi ne hawana jirgin sama na farko. Garin da aka yi ta yana da sanyi irin wanda ban taɓa ji ba, iska tana shiga ƙashi, ni da na saba gudu cikin gumi. Aka ba mu takalma masu ƙusoshi a ƙasa, na gwada su kwana biyu suka fasa mini dunduniya, sai Ustaz Bashir ya ce in koma na roba da na saba. Mu biyu ne daga ƙasarmu a tseren, ni da wani soja mutumin Ta'if. Da aka jera mu a layi na dubi na kusa da ni, sirara ne kamar sanda, ba sa ko kallon mutum. Aka kira sunaye ɗaya bayan ɗaya. Na ji an ce Usman Abdullahi, aka faɗi ƙasata, wasu mutane da ba su san ni ba suka tafa.

Tseren zagaye ashirin da biyar ne. Ustaz Bashir ya ce mini kada in kuskura in wuce gaba, in shiga tsakiyar taro in ɓuya daga iska, in kafa idona a bayan wanda ke gabana. Haka na yi. Har wajen rabi ina cikinsu, ina jin numfashinsu, gwiwar hannu tana bugun haƙarƙarina, garin jan bulo da aka shimfiɗa a filin yana fantsamo mini a ƙwauri. Har na fara cewa a raina ashe su ma mutane ne. Sai na ga wasu uku a gaba sun ƙara wuta, ba tare da wata alama ba, kamar dai yanzu ne suka fara. Taron ya tsinke. Na yi ƙoƙarin bin su zagaye ɗaya, a nan na ƙone kaina. Wani abu ya soke ni a ƙarƙashin haƙarƙari na dama, bakina ya yi ɗaci, ƙafafun da na sani tun ina yaro suka zama kamar na aro. Mutane suka riƙa wuce ni. Na hangi sojan nan abokina ya fita daga layi ya zube a ciyawa, an rufa masa bargo.

Abin da ya fi ciwo ya zo daga baya. Na ji filin ya ɗauki ihu, na ɗauka wani abu ne ya faru, sai na ga alƙali yana yi mini alama da hannu in matsa gefe. Na gaba ne ya zagayo ya cim mini. Ya wuce ni ba ko nishi, na biyu da na uku suka bi shi. A gaban dubban mutane an ba ni ratar zagaye guda. Wallahi ciyawar nan ta kira ni. Taku biyu ne kawai zuwa gefe, in kwanta, a rufa mini bargo, ba wanda zai ce komai, tunda ga wani ya riga ya yi. Amma na ce wa kaina ban bar tsoho a jirgi don in zo in kwanta a ciyawar mutane ba. Na daina kallon kowa. Na ce zagayen nan kawai zan gama, in na gama sai in ce na gaba kawai.

Aka kaɗa wa na gaba ƙararrawar zagayen ƙarshe, ya gama, fili ya tashi, masu hoto suka yi kansa. Mu na baya muka ci gaba da zagayawa kamar an manta da mu. Akwai wani gajere a gabana, shi ma ya jigata, kansa yana lilo. Na ji muryar Ustaz Bashir daga bakin shinge, ya bar Larabci ya koma Hausa, yana cewa in kama wannan, wannan nawa ne. A kwanar ƙarshe na matsa kusa da shi, ya ji ni ya ƙara, ni ma na ƙara, muka shigo miƙaƙƙiyar hanya kafaɗa da kafaɗa, mutanen da suka fara tashi suka tsaya suna mana tafi. Na riga shi da ƙirji. Mutum biyu kawai na bari a baya cikin waɗanda suka gama. Na yi amai a gefen fili, gajeren nan ya zo ya dafa ni, muka riƙe juna ba mai iya magana.

Na dawo Jidda ba lambar yabo, ba wanda ya tarye ni sai Ummi da Zainabu da jaririnta. Bayan kwana biyu na koma dako. Na ci gaba da gudu shekaru bayan haka, na sake fita waje, na gyara, ko da yake ban taɓa hawa dandamalin masu nasara ba. Baffa Isa ya ce to ga shi nan, an bar uba an je an zo na kusa da ƙarshe.

Da hajji ya zagayo, ina sauke kayan alhazai, sai aka ce wani dattijo yana ta tambaya a tasha, yana neman Usmanu ɗan Audu Makka. Na je na same shi zaune a kan ƙullin kayansa. Mutumin garin su Baba ne. Ya ce Baba ya isa lafiya, ya tarar da ƙanwarsa ɗaya da rai, ya ga garin da sauran idonsa kafin ya rufe gaba ɗaya, yanzu kullum yana ƙofar gida mutane suna kewaye da shi. Sai ya riƙe hannuna da hannu biyu yana dubana sama da ƙasa, ya ce ashe ni ne. Na ce ni ne wa? Ya ce wanda ya tsere wa Larabawa da Turawa gaba ɗaya. Ya ce ba wanda bai san labarin ba a garin, har ƙauyukan kewaye, Baba yana faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa ɗansa bai biyo shi ba ne saboda sarkin Makka ya riƙe shi ya yi wa ƙasa gudu, kuma da aka yi tseren ba wanda ya ga ƙurarsa.

Baba ya tafi tun kafin a yi gasar, kuma ba wanda ya kai masa labarin yadda ta kaya. Na zauna a ƙasa kusa da dattijon na gaya masa gaskiya, cewa ban ci ba, an ma zagaye ni, mutum biyu kawai na wuce. Na roƙe shi in ya koma ya faɗa wa Baba haka, ya ƙara da cewa ban tsaya ba sai da na gama. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"Yaro, ni hajji na zo yi. Ba zan koma da zunubin ƙaryata makaho a ƙofar gidansa ba. Zan ce masa na gan ka, lafiyarka ƙalau, kuma kana nan kana gudu."

Baba ya ƙara shekara uku a duniya, aka binne shi kusa da uwarsa. Ban sani ba ko ya yarda da labarin da yake bayarwa, ko kuwa hanyarsa ce ta gaya mini abin da bai iya faɗa ba a jirgi. Ku dai a gidan nan kun ji yadda tseren ya ƙare daga bakina. Amma in Allah ya kai ɗayanku garin nan, ya ji tsofaffi suna cewa ɗan Audu Makka ya tsere wa duniya, kada ya gyara musu. Maganar kakanku ce, ku bar masa abarsa.